Maigida ya dawo da korona, ga mai sikila a gida

Salam 'yan uwa dan Allah ku bani shawara hankalina a tashe yake. Baban yara ya dawo daga Umara da tari da zazzabi akayi gwaji akace korona ce, ni wallahi na dauka an gama da ita tun 2020. Ciki da falo ne damu a Dorayi, ga Walid dan shekara 4 mai sikila ga jaririya 'yar wata 5 ina shayarwa. Hajiya tace in kwantar da hankalina ai bata kama yara, da gaske ne?

Maman Ummi: Allah ya bashi lafiya. Nawa ukun sunyi sanda babansu yayi, mura ce kawai kwana uku suka ware.

Anti Nas: Tana kama yara kam, sai dai yawanci tana zuwar musu da sauki, saboda garkuwar dake hancinsu da makogwaro tana saurin tasowa ta tare cutar tun bata gangara huhu ba, ta manya kuwa sai ta makara. Amma Maman Walid naki biyun suna cikin wadanda ake kaffa-kaffa dasu, jariri kasa da shekara daya da mai sikila, dan shi saifarsa bata aiki sosai kuma ciwon kirji yana saurin kayar dasu. In zafin jikinsa ya kai 38 kar ki tsaya firsitamol a gida ko dare ne, ki tafi asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibitin Malam Aminu Kano a duba harda maleriya. Ki dinga kirga numfashi na minti daya, Walid in yakai 40 ita jaririya 50, ko kika ga hakarkari yana lotsawa, ku tafi. Nono kuma kar ki daina, ki wanke hannu ki sa takunkumi ki bata.

Ummu Hanif: Ki kara da wannan, ko sun warke ki sa ido daga sati 2 zuwa 6, akwai wanda garkuwar ce da kanta take wuce gona da iri, zazzabi yaki sauka ga jan ido da kuraje da ciwon ciki har zuciya yana tabawa. Ba kasafai bane amma asibiti ake kaiwa da gaggawa.

Maman Walid: Nagode Allah ya saka da alkhairi. Na bar masa dakin na bude taga mu muna falo, yanzu zan aika kemis a siyo min abin awon zafi.