Wa ke zaɓar wa mutum sana'a, baiwa ko naci?

Mai ƙorafi: Jama'a, raina a ɓace yake. Shekara 3 ina karatun likita don Baba ya ce, jiya aka sallame ni. Ni kuwa tun ina yaro zane hannuna ya iya. Wani likitan Sifen, Juan Huarte, ya rubuta tun 1575 cewa kowace ƙwaƙwalwa da abin da aka halicce ta dominsa: mai ƙarfin hadda ya kama harsuna, mai fahimta ya kama manɗiƙi (ilimin kafa hujja da hankali), mai ƙirƙira ya kama waƙa da zane. Har ya roƙi Sarkin Sifen Filib na Biyu ya naɗa masu gwada yara kafin a tura su karatu. Da an gwada ni, da ban yi wannan asara ba.

Malamin firamare: Allah ya musanya maka da alheri, ƙanena. Amma janye "halicce" ɗin nan. Na sha ganin yaron da aka ce ba ya ja, ya zo ya wuce kowa. Naci ne.

Ɗalibin falsafa: Malam, Huarte ya ba da labarin kansa. Su uku suka fara koyon harshen Latin, ɗaya kaɗai ya iya. Da aka shiga manɗiƙi wani ya yi fice, a ilimin taurari na ukun ya yi zarra.

Malamin firamare: Mutum uku ne hujja?

Mahaddaci: Ku dakata. Hadda daban, fahimta daban ya ce?

Ɗalibin falsafa: E. A wurinsa hadda tana son ƙwaƙwalwa mai danshi, fahimta tana son busasshiya, shi ya sa da wuya su haɗu.

Mahaddaci: To malamanmu da suka haddace Alƙur'ani kuma suke tafsiri fa? Wannan cin fuska ne. Mu da muka tashi a tsangaya mun gaji da a ce hadda kawai muka iya.

Ɗalibin falsafa: Alaramma, ba wanda ya ambaci tsangaya.

Wata 'yar'uwa: Duk kun tsallake abin da Huarte ya ce kan mata, wai sanyi da danshin jikinmu sun hana mu zurfin ilimi. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Wane danshi ne ya hana ta?

Ɗalibin falsafa: Yaya, zamaninsa ne, likitancin Galen, tsohon likitan Girka, ya bi. Ko Huarte bai tsira ba, kotun cocin Katolika ta sa an yanke sassan littafinsa, gyararren ya fito a 1594 bayan mutuwarsa.

Wata 'yar'uwa: In kan mata ne "zamaninsa", in kan zane ne ya zama hujja?

Mai ƙorafi: Don Allah, ni me zan faɗa wa Baba?

Mahaddaci: Sai an janye maganar hadda tukuna.

Malamin firamare: Bari in taƙaita. An yarda Huarte ya yi kuskure kan mata da mahaddata, don haka maganarsa ta baiwa ma ta faɗi. Ƙanena, ba wa Baba haƙuri, ka nemi wata makarantar ka dage.

Ɗalibin falsafa: Malam, wa ya yarda? Ni ban yarda ba.