Ma'aikatan kwantiragi a Kebbi: inda ake samun cikas da 'yan HR

Mai buɗe zance, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Mu tattara abin da kowa ya sani kan 'yan HR, wato jami'an kula da harkokin ma'aikata, na kamfanonin da ke ɗaukar mutum su tura shi aiki wani wuri: masu gadi, masu shara a asibiti, direbobi, masu karɓar kuɗi a banki, masu lodi a injin shinkafa. Kar a kama sunan kamfani ko na mutum. Na fara da wadda ta fi addabar kowa: biyar ga wata ta wuce babu alat, in ka kira sai a ce wurin da kake aiki ne ba su biya ba.

Tsohuwar mai haɗa albashi, Argungu:
Wa alaikumus salam. Malam, sau da yawa maganar tasu gaskiya ce, amma ba hujja ba ce. Sufabaiza yana rufe rajistar zuwa aiki tsakanin 20 da 25 ga wata, manajan wurin ya sa hannu, a tura hedikwata, galibi Legas ko Abuja ko Kaduna. Can ake haɗa takardar neman biya a aika wa kamfanin da ake yi wa aikin, shi kuma yarjejeniyarsu takan ba shi wata guda ko fiye kafin ya biya. Kamfanin da ke da jari yakan biya ma'aikata daga aljihunsa ya jira. Wanda ba shi da shi, da cikin ma'aikata yake jira. Sashe na 15 na Dokar Ƙwadago bai yarda tazarar biya ta wuce wata guda ba, kuma bai ce sai an biya kamfanin ba tukuna.

In kowa ya ga alat ban da kai, ba a can gizo yake saƙa ba. Duba abu uku: sunan da ke BVN ya yi daidai da na takardar albashi (Muhammadu a nan, Mohammed a can, ya isa ya maido da kuɗi), an saka ka a rajista kafin ranar rufewa, sannan asusunka ba na matakin farko ba ne, wanda ba ya karɓar fiye da 50,000 a shiga ɗaya. Kuɗin da ya koma sai an sake zagayen biya, wani wurin sai watan gaba.

Ɗan ƙungiyar ƙwadago, Zuru:
Hajiya ta taɓo doka, bari in ɗora. Tushen yawancin rigimar rashin takarda ne. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3: sunan wanda ya ɗauke shi, irin aikin, albashi, awannin aiki, hutu, da wa'adin sallama. Abin da ake yi shi ne a miƙo maka takarda ka sa hannu a tsaye, a karɓe, a ce kwafinka yana zuwa daga hedikwata. Ba ya zuwa. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin ka mayar, ko da mai miƙo maka ya ɓata rai.

Wa'adin sallama a sashe na 11: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 har zuwa ƙasa da shekara 2, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 daga shekara 5. In takardarka ta ba ka fiye da haka, ita ake bi. Shi ya sa wasu suke sabunta kwantiragi duk wata 6 ko 11, har da sabuwar lambar ma'aikaci, don ranar rabuwa a ce kai sabo ne. Tsofaffin katunan shaida da bayanan banki su ke nuna aikin bai taɓa yankewa ba, kar a yar da su.

Sufabaizan masu gadi, Jega:
Mu namu yanka ne. Mutum ya yi fashin kwana ɗaya, a raba 70,000 gida 22, a cire masa 3,182. Ya yi ƙarin kwana, a raba gida 30, a ba shi 2,333. Albashi ɗaya, lissafi biyu. Ga kuɗin yunifom da takalmi da tocila da ake cirewa wata uku a jere, ga tarar latti, ga tarar gyangyaɗi. Dizal ya ɓace a turken sadarwa, a raba wa duk masu shif ɗin ba tare da an tambayi kowa ba. Kuma babu takardar albashi da za ka ga me aka cire, sai dai alat ya zo a gutsure.

Sai kweri, wato takardar tuhuma da ake neman ka amsa a rubuce. A turo ta WhatsApp da dare a ce awa 24. Yarana da yawa ba sa iya rubutun Turanci, sai su kira su ba da haƙuri da baki. A fayil kuwa abin da za a rubuta shi ne bai amsa ba. Ko layi uku ne a rubuta, a sa kwanan wata, a tura ta inda kwerin ya zo.

Ɗan ƙungiyar ƙwadago, Zuru:
Yallaɓai, sashe na 5 ya hana cire tara daga albashi. Diyyar ɓarna kuwa sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce, kuma duk abin da za a cire a wata bai halatta ya wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Wani abin da ake ruɗewa a kai: mafi ƙarancin albashi na 75,000 da gwamnatin Nasir Idris ta jihar Kebbi ta amince da shi a 2024 na ma'aikatan jiha ne. Kamfani mai zaman kansa 70,000 na tarayya ne ya hau kansa, shi ma in yana da ma'aikata 25 ko fiye.

Akanta, Yawuri:
Fansho ne wurin da aka fi cutar mutane shiru. Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci kashi 8 cikin 100, kamfani kashi 10, a zuba cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. A kan 70,000, naka 5,600, nasu 7,000, jimla 12,600. Sai a tsaga albashin: ainihin albashi da kuɗin gida da na mota a haɗa su 30,000, sauran a kira shi alawus. Abin da zai shiga asusun ya koma 5,400. Wannan ma mai sauƙi ne. Mai muni shi ne a cire kashi 8 ɗin kowane wata, ba a zuba ko sisi ba.

Kar ka tambayi HR ko ana zubawa, za a ce ana yi. Ka je wurin kamfanin fanshonka da lambarka mai farawa da PEN ka nemi bayanin asusu, wata bi wata. Wani lokacin kuɗin ya tafi amma yana rataye, saboda an rubuta lambar ba daidai ba ko an tura kuɗi babu jadawalin sunaye. Wannan wasiƙa ɗaya daga HR ke gyara shi. In ba a tura ba sam, ƙorafi PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, ake kaiwa, kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 a kowane wata ba. A duba kuma kashi 2.5 na asusun gidaje: tun 2023 ba dole ba ne ga ma'aikacin kamfani mai zaman kansa.

Tsohon jami'in HR, Birnin Kebbi:
Jama'a, a yi mana adalci kaɗan. Jami'i ɗaya ake ɗora wa Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ba shi da ikon sakin kuɗi, ba shi da ikon hana sallama. Manajan wurin aiki ya ɗaga waya ya ce a canza masa wane, kamfani ba zai yi asarar kwangila a kan mutum ɗaya ba. Sai a ce maka ka jira a gida za a nemo maka wani wuri, babu albashi, babu takardar sallama. Kiran waya ba ya shiga fayil. Saƙon da ake aiki da shi shi ne mai cikakken suna, lambar ma'aikaci, wurin aiki, watan da abin ya shafa, adadin kuɗi da hoton alat, ta imel, a saka sufabaiza da shugaban sashen a ciki. Matsala ɗaya a saƙo ɗaya.

Shugabar masu shara a wani asibiti, Birnin Kebbi:
Baba, mun ji, amma rashin iko daban, wulaƙanci daban. Faɗa wa mutum gaskiyar ranar biya ba ya buƙatar izinin Legas. Mace ta nemi hutun haihuwa, doka ta ba ta mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata 6 tana aiki. Abin da ake ce mata shi ne ta ajiye aiki, in ta yi arba'in ta sake nema. Duk wadda ta rubuta takardar ajiye aiki da hannunta ta yafe haƙƙinta ke nan. Ta kai takardar likita, ta nemi hutun a rubuce. Hutun rashin lafiya ma kwana 12 ne a shekara da albashi, in akwai shaidar likita.

Makanikin injin shinkafa, Argungu:
Rauni a wurin aiki shi ne inda jifa da juna ya fi yawa. Bel ya ci yatsa, masu inji su ce ba ma'aikacinmu ba ne, HR su ce ba a harabarmu ya faru ba. Dokar diyya ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wanda ya ɗauke shi, shi kuma ya kai rahoto NSITF, asusun da ke biyan diyyar ma'aikata, cikin kwana 7. Kashi 1 da ake biya wa asusun kamfani ne ke biya, ba a cire shi daga albashi. A rubuta abin a littafin wurin ranar da ya faru, da sunayen shaidu biyu, a adana katin asibiti da duk rasit.

Mai buɗe zance, Birnin Kebbi:
Wanda aka ce ya jira a gida fa, Malam, ina zai dosa?

Ɗan ƙungiyar ƙwadago, Zuru:
Ya rubuta musu ya nemi ɗayan biyu: sabon wurin aiki ko takardar sallama da kuɗin wa'adi. In an yi shiru, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Birnin Kebbi yana kiran ɓangarorin sulhu. In ya ci tura, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, akwai reshenta a Sakkwato, kuma lauyoyi kan haɗa kamfanonin biyu a ƙara ɗaya. Takardar sallamar ya nace a kanta, domin wanda bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata 4 babu aiki, yana iya cire kashi 25 na fanshonsa, kuma ita ce farkon abin da kamfanin fansho zai tambaya.