Tambayoyin nPr da nCr a JAMB: kalkuleta ta isa?

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Malamai, ina shirin JAMB, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua nake nema. A tambayoyin nPr (yawan hanyoyin jera abubuwa) da nCr (yawan hanyoyin zaɓar abubuwa ba tare da kula da jeri ba), kalkuleta ta wadatar, ko sai na haddace fomula?

Malam Na Lissafi: Wa alaikumus salam. JAMB ba ta barin kowa ya shiga da kalkuletarsa, sai wadda ke kan fuskar kwamfuta. A atisayen gida ne kalkuletarka ta Casio ke da rana: a fx-991ES, SHIFT da × shi ne nPr, SHIFT da ÷ kuma nCr. Ga lokaci: tambayoyi 180 cikin awa 2, kusan daƙiƙa 40 kowace. Koyi yi da hannu.

Abin dubawa kawai: in aka musanya wurare, sakamakon ya canza? Shugaba, sakatare da ma'aji daga mutum 10, ya canza: 10×9×8 = 720. Kwamitin mutum 3 kuwa bai canza ba, sai ka raba da 3×2×1, ka sami 120. Kada ka buɗe 10! (wato 10×9×8 har zuwa 1) gaba ɗaya, 3,628,800 ɓata lokaci ne, soke na sama da na ƙasa tukuna. Kuma 10C7 (zaɓar 7 daga 10) daidai yake da 10C3.

Malama Ta Daura: Ƙanena, in za ka jera haruffan kalma, kula da haruffa masu maimaituwa. DAURA haruffa 5 ne, amma A biyu: 120÷2 = 60. KATSINA: 5040÷2 = 2520. Mutum 6 a kewayen teburi 5! ne, wato 120. Sau da yawa amsar mai mantuwa tana nan cikin zaɓin, tana jiran mai gaggawa.

Malam Na Lissafi: Inda aka fi faɗuwa shi ne "aƙalla ɗaya". Maza 6, mata 4, a zaɓi 3 da aƙalla mace ɗaya. Ɗalibi sai ya ware mace (4), ya cike sauran da 9C2 (36), ya sami 144. Kuskure ne, don kwamiti mai mata biyu ya ƙirgu sau biyu, mai uku sau uku. Cire na maza zalla daga jimilla: 120 − 20 = 100. Wannan kuwa ko Casio ba za ta gano maka shi ba.

Ɗan Ƙofar Marusa: Allah ya saka da alheri, Malam. To, in an ce aƙalla mata biyu fa?

Malama Ta Daura: Raba gida biyu: mata 2 da namiji 1, 6×6 = 36; mata 3 zalla, 4. Jimilla 40.