Mene ne ainihin abin da ke cinye dasashi har haƙori ya yi girgiɗi?

Bakatsiniya:
Assalamu alaikum. Haƙoran mahaifina na gaba sun fara girgiɗi, alhali babu ko ɗaya da ya yi kogo, kuma dasashinsa yana zubar da jini duk lokacin da ya yi asuwaki. Likitan haƙori ya ce cutar dasashi ce ta yi nisa, ya ƙara da cewa garkuwar jikinsa ce da kanta ta cinye ƙashin da ke riƙe da haƙoran. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ta yaya abin da ke kare mutum zai zama shi ne mai yi masa ɓarna, kuma ina aikin ƙwayoyin cuta a ciki?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Abin yana farawa ne daga dauɗar nan mai yauƙi da ke taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi, wadda akasarinta bakteriya ce. A 1965 masu bincike a ƙasar Denmak sun sa wasu masu lafiyayyen baki su daina goge haƙori, kuma cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa sai kumburin ya baje. A wannan mataki ana warkewa sarai.

Idan dauɗar ta daɗe, sai ta daskare ta yi tauri, dasashi ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu. Zurfin wurin a bakin mai lafiya ba ya wuce milimita 3. Da ya zarce haka, bakteriyar da ba ta son iska takan samu mafaka, musamman wadda ake kira Porphyromonas gingivalis, mai fitar da sinadaran da ke rikita garkuwar jiki. Jiki yana ta turo fararen ƙwayoyin jini, amma ba sa iya kawar da dauɗar, don haka faɗan ba ya ƙarewa. Sinadaran da suke zubarwa don kashe bakteriya su ne ke narkar da zaruruwan da suka ɗaure haƙori, kuma saƙonnin kumburi suna tayar da ƙwayoyin da aikinsu shi ne rushe ƙashi. A haka ƙashin muƙamuƙi ke zaizayewa shekara da shekaru, galibi ba tare da zafi ba, shi ya sa mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai haƙori ya fara motsi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina so in ƙara batun bairus, domin ba a cika ambatonsa ba. Masu bincike sun sha samun bairus ɗin Epstein-Barr da makamantansa a ramukan dasashin da cutar ta tsananta, kuma bayanin da ake yi shi ne suna raunana tsaron wurin, bakteriya ta samu damar yaɗuwa. A wurinmu misalin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na yara. Yaron da ke fama da tamowa, idan ƙyanda ta kwantar da shi, gyambon dasashi na iya rikiɗewa cikin 'yan kwanaki ya zama cutar noma mai cin kunci da leɓe, wadda saboda ita aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato.

Game da Baba, a gwada shi ciwon suga, domin suga yana tsananta kumburin dasashi, shi kuma kumburin yana wahalar da daidaita sugan. Idan yana shan taba, ya kamata ku sani cewa tana rage zubar jinin ne kawai, ɓarnar kuwa tana ci gaba.

Bakatsiniya:
Na gode ƙwarai. To, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba zai wadatar ba?

Malamin Kimiyya:
Ba zai wadatar shi kaɗai ba, domin bakteriyar tana lulluɓe cikin dauɗar da magani ba ya ratsawa sosai. Sai likita ya kankare abin da ya daskare har ƙarƙashin dasashi. Ƙashin da ya tafi galibi ba ya dawowa, amma ana iya tsayar da zaizayar, kuma Baba ya ci gaba da asuwaki a hankali ko da jini yana fita.