Ruwa ko fanka? Gardamar da ta ɓarke kan katin Auta

Auta: Salamu alaikum 'yan zaure. Na yanke shawara: katin hoton kwamfutar nan, RTX 3080 na kamfanin NVIDIA, da na sayo na hannu, da ruwa zan riƙa sanyaya shi maimakon fanka. Da na buɗe wasa yake haura digiri 83, fankokinsa na ihu kamar injin markaɗe. In na sa ruwa zai sauko zuwa digiri 30, in danna masa gudu a manhajar MSI Afterburner har ya kamo babban yayansa 3090. Wanda ya ce ƙarya ne ya fito.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Na fito, ƙanena. Ɗakinka digiri nawa ne a watan Afrilu?

Auta: Yaya, ka san Kano. Da rana waje yana kai 40, ɗakin ma bai tsira ba.

Injiniya: To a ina za ka samo 30? Ruwan nan ɗan dako ne kawai. Ya kwaso zafi daga kan kati, famfo ya tura shi cikin tiyo zuwa lagireto, fanka ta busa masa iskar ɗakin, ya dawo. Lagireto bai iya sauke ruwa ƙasa da zafin iskar da ke ratsa shi. Ɗaki na 36, ruwa zai ɗara 36, kati kuma ya ɗara ruwan. Hotunan da kake gani na masu digiri 40 da ɗoriya, a ɗaki mai 21 aka ɗauke su.

Baban Hanifa: Injiniya, ban yarda ba. Ruwan randa fa? Ana tsakar zafi ka ɗebo shi da sanyinsa, ga ɗakin kamar tanda.

Injiniya: Malam, randa gumi take yi. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Dabarar da Mohammed Bah Abba ya yi ke nan a Jigawa, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Na kwamfuta a rufe yake ruf. Ranar da ya fara gumi irin na randa, sunan katinka gawa.

Baban Hanifa: Na karɓi wannan. Amma kar ka rage wa ruwa daraja. Kilo ɗaya na ruwa yana shanye zafi ninki huɗu na kilo ɗaya na iska, in kuwa da girman mazubi za a auna, tazarar ta haura ninki dubu uku. Kuma katunan NVIDIA suna zaftare gudu kaɗan-kaɗan, megahaz 15 a kowane mataki, yayin da zafi ke hawa. Wanda ya sauko daga 83 zuwa 55 ya ci riba.

Injiniya: Ya ci, amma nawa? Matakai 'yan ƙalilan a katin da ke gudu kusa da megahaz 1,900. Abin da ke ɗaure 3080 wuta ce. Wat 320 aka yanka masa, wasu samfuran su bar ka ka ƙara kaɗan, daga nan ka ci karo da bango. Ko a firiza ka saka shi, bangon yana nan. Zancen kamo 3090 kuma a bar shi: wancan gigabait 24 gare shi, naka 10. Ruwa ba ya haifar da memori.

Anti Zee: Ku bari mai abin ta yi magana. Shekara biyu ke nan injina na kan ruwa, ina haɗa zanen gidaje a manhajar Blender, wani aikin ya kwana yana tafiya. Gudun da na ƙaru da shi, wallahi in ba na duba lamba ba, ba na gane shi. Abin da na saya shiru ne, da kwanciyar hankali a kan memori. Memorin katin nan, GDDR6X, ya fi kowa ɗaukar zafi, a 110 yake fara ja da baya, kuma nawa kullum a bakin nan yake kafin in sa bulo, wato ƙarfen da ruwan ke bi ta cikinsa, mai rufe katin gaba ɗaya. Yanzu ina barci a ɗaki ɗaya da shi. Amma Auta, hunturu fa. Ƙurar Disamba tana toshe haƙoran lagireto kamar an liƙa masa bargo. Duk sati biyu sai na fita da shi tsakar gida na hure, in dawo kaina fari fat, yara na dariya.

Auta: Anti, ni ba mai tsadar zan saya ba. Akwai wani a kasuwa da ya ce zai haɗa min bulon jan ƙarfe da lagireton alminiyam, ya cika da fiya wata.

Anti Zee: Inna lillahi! Kar ka kuskura. Jan ƙarfe da alminiyam in suka haɗu a ruwa ɗaya, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, dattin ya toshe ƙananan hanyoyin bulo. Fiya wata kuma akwai gishirin ƙasa a ciki, ga gansakuka. Tataccen ruwa ake sawa da maganinsa, ko ruwan da aka haɗa don wannan aiki.

Baban Hanifa: Kuma in ka je neman tataccen, kar ka ce a ba ka ruwan batir ka yi shiru. Wani asid zai miƙo maka. Ni nawa kuskuren daban ne: na haɗa, na ƙagu, ban yi gwajin yoyo ba. Ka'ida a kunna famfo shi kaɗai ya kwana, an shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowace mahaɗa. Ɗigo ɗaya ya sauka a ramin kati. Sai wani ƙauri, sai allo ya yi baƙi. Har yau uwargida ba ta san kuɗin wannan ɗigon ba.

Injiniya: Auta, ka ce na hannu ne. Tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da kati a Satumbar 2022 irinsu suka cika kasuwa, da yawa sun shekara suna aiki dare da rana. Ka taɓa buɗe shi?

Auta: A'a, Yaya.

Injiniya: To kawo shi shago ranar Asabar. Mu goge busasshen man kwashe zafi da ke kan cibiyar katin, mu sa sabo, mu canza fafofin da ke kwashe zafin memori, sannan mu rage masa boltej a Afterburner. Sau tari gudun yana nan, zafi da kukan fanka su ragu, inbatarka ma ta huta. In bayan haka har yanzu ruwa kake so, ni zan ɗaure maka tiyon da hannuna.

Anti Zee: Zai so. Fitilun nan masu launi yake hange, ba digiri ba.

Auta: Anti kin tona ni. Amma Yaya, in an rage boltej ai ba ƙara gudu aka yi ba ke nan?

Baban Hanifa: Kai dai ka zo da man, kuma ka taho da tsire. An ɗauke wuta a nan, caji na kashi 4.