Me za mu kira IGF-1 da Hausa?

1/ Insulin dai babu gardama a kanta. Mai ciwon sukari ya san ta, mai yi masa allura ya san ta, a bar ta yadda take. Wani ya kawo "sinadarin tsibiri", tunda sunan daga insula ya fito, wato tsibiri da Latin, saboda ƴan tsibiran ƙwayoyin halitta da ke fitar da ita a cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke cikin ciki. Akwai hikima, amma wa zai gane?

2/ Inda gizo ke saƙar shi ne growth factor, wato sinadaran da ke sa ƙwayoyin halitta girma, musamman IGF-1 (insulin-like growth factor 1). Ina ganin ana rubuta "sinadarin girma", ni kuwa ban yarda ba. Wannan sunan na wani sinadarin ne daban, wanda ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Shi ke ba hanta umarni, ita kuma ta haɗa IGF-1 ta zuba a jini.

3/ Ga dalilin da ya sa na dage. A jikin mai ƙiba sosai, na ƙwaƙwalwar raguwa yake yi, amma sau da yawa IGF-1 ba ya faɗuwa yadda ake zato. In suna ɗaya muka ba su, sai mu wayi gari muna cewa "sinadarin girma ya ragu amma sinadarin girma bai ragu ba". Ina amfanin wannan?

4/ Hannun insulin ne a ciki. Idan kitse ya yi yawa, musamman na ciki, tsoka da hanta sukan yi wa insulin kunnen ƙashi, sai fankiriyas ta ƙara zubo ta. Insulin mai yawa tana sa hanta ta ƙara jin umarnin sinadarin girma, ko da kaɗan ne ya iso. Sannan kusan duk IGF-1 na jini a ɗaure yake da wasu furotin iri 6. Insulin tana rage ɗaya daga cikinsu, IGFBP-1, don haka wanda ke yawo a sake zai iya ƙaruwa. Nan ma mun samu kalmomi a sauƙaƙe: ɗaurarre da sakakke.

5/ An ce a kira IGF-1 "takin jiki". A'a. Taki abinci ne, shi kuwa wannan ba ya ciyar da komai, saƙo yake kai wa ƙwayar halitta: girma, rabu biyu, kada ki mutu yanzu.

6/ Tawa shawarar ita ce "mazugin girma". Mazugi ba shi ne wuta ba, ba shi ne maƙeri ba, amma in ya zuga sai aiki ya kankama. IGF-1 kuma ya zama "mazugin girma mai kama da insulin", tunda ƙirarsu ta yi kama har kowannensu kan ɗan taɓa makarɓar ɗan'uwansa, wato wurin da ke karɓar saƙonsa a jikin ƙwayar halitta. Ya yi tsawo, na sani. A rubutu a faɗe shi sau ɗaya, daga nan a ci gaba da IGF-1.

7/ Malaman kiwon lafiya, saura insulin resistance, wato ƙin jin umarnin insulin da jiki kan yi: "bijirewa insulin" ko "kunnen ƙashi"? Na biyun ya fi shiga kunne, amma zai zauna a takardar asibiti kuwa?