Wane gyara ya kamata in fara yi a bargar dawaki kafin damina?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana kiwon dawaki. Ni ke kula da bargar gidanmu a bayan garin Katsina, kuma kuɗin gyaran da aka ware bana ba zai ɗauki aiki fiye da ɗaya ba.

Gara ta cinye katakon rufin ɗakin harawa har kwano ya lotsa, kuma idan ruwan Agusta ya jiƙa harawar za ta yi fumfuna, wadda ke jawo wa doki tari da ciwon ciki. Daɓen bargar ma ya zaizaye, fitsari yana kwanciya a gindin turke, har kofaton wata goɗiya ya fara wari. Injin rijiyar burtsatse kuwa sai an lallaɓa shi yake tashi.

Baffana yana so a fara da shingen filin kilisa, domin shi baƙi ke gani lokacin hawan sallah, amma ni ina ganin shingen zai iya jira. Tsakanin rufi, daɓe da ruwa, wanne ya fi cancanta a sa a gaba? Kuma zuba yashi ko marmara zai iya riƙe daɓen har zuwa kaka?